Tanderun rana na kwali, da darasin harshe a lokacin jiran girki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman firamare da na ƙaramar sakandare, musamman masu koyar da kimiyya da masu koyar da Turanci. Shawarar ita ce a haɗa aikin ƙera tanderun rana da darasin salon magana a yini ɗaya. Tanderun rana ba ya girkin gaggawa. Da zarar an rufe gilashi sai zaman jira na awa biyu ko uku, kuma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san abin da yara hamsin kan aikata in aka bar su ba abin yi. Wannan zaman jiran shi ne filin malamin harshe.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1767 wani masanin ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya haɗa akwati mai murfin gilashi da ya tara zafin da ya zarce na tafasar ruwa. A Indiya girki da rana ya yi nisa, har hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar yadda akwatin zai kasance. A nan kusa, marigayi Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana bincike kan makamashin rana, jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ma tana da cibiyar binciken makamashi. A gabashin Cadi, matan Darfur da ke sansanin 'yan gudun hijira na Iridimi sun yi girki da murhun rana na kwali don rage fita neman itace.

Ga kayan aiki. Kwali biyu masu kauri, ɗaya ya shige cikin ɗaya. Na ciki ya zama kamar santimita 40 tsawo, 40 faɗi, zurfinsa 20. Na waje ya fi shi da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe da ta ƙasa, wato kamar 52 da 52, zurfi 26. Sai gilashin taga mai kaurin milimita 3 ko 4, a sa mai gilashi ya yanka shi 44 da 44 don ya zauna a kan bakin kwalin ciki, a kuma roƙe shi ya goge kaifin gefen. Sai takardar alminiyom da ake naɗe kifi da nama, gam ɗin kafinta fari, farantin ƙarfe ko fallen kwano da zai kusan rufe gindin kwalin ciki, baƙin fenti marar ƙyalli, da guntun waya mai kauri.

Zurfin nan na 20 a kiyaye shi. Yara kan so babban kwali, suna ganin girma shi ne ƙarfi, alhali in akwati ya yi zurfi bangonsa ne ke yi wa tukunya inuwa, ga kuma iska mai yawa da za a ɗumama a banza. In kwalin ya wuce haka a yanka kusurwoyinsa a naɗe bakin zuwa waje.

A surka gam da ruwa rabi da rabi, a shafe cikin ƙaramin kwali, a manna alminiyom, gefen da ya fi ƙyalli yana kallon ciki, a bi shi da tsumma a hankali don kada ya yamutse. Kokon sitaci ma yana yi. Salatif dai kada ya shiga ciki, zafi na sa shi sakewa ya kuma yi wari. A zuba abin tare zafi a gindin babban kwali har kaurin santimita 5, a ɗora ƙaramin a tsakiya, a cike gefunan huɗu. Tsohuwar jarida da aka cukuikuye tana yi, haka ɓuntun shinkafa, ko garin katako, ko auduga, muddin sun bushe ƙayau. Kada a danna su da ƙarfi, domin iskar da ta maƙale a tsakaninsu ita ce ke hana zafi fita. Farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin a cikin kwali a guje shi, yana narkewa ya fitar da hayaƙin da bai kamata ya kusanci abinci ba. Sannan a rufe ratar da ke tsakanin bakunan kwalayen biyu da yankakken kwali, a manne.

Farantin a shafa masa baƙin fenti, haka bayan tukunya da saman murfinta, ban da ciki. Inda ba fenti, a kwaɓa baƙin gindin tukunya da sitaci a shafa. A ɗora farantin a kan 'yan guntayen katako huɗu don ya ɗan ɗaga daga gindin kwali. A zagaye bakin da gilashi zai zauna da tsinken tsumman auduga mai kauri, saboda kafar da ba ta kai shigar tsinken tsintsiya ba ta isa ta zubar da zafi mai yawa. Na ƙarshe shi ne madubi: kwali mai faɗin gilashin, an manna masa alminiyom, an liƙa gefe ɗaya a bayan akwatin da tsumma da gam ya zama kamar ƙyaure, a tokare shi da waya. Wanda ya samu gilashi biyu ya jera su da ratar santimita 1 zuwa 2, zai ga bambanci sosai ran da ake iska.

Kafin a sa abinci a bar akwatin a rana yini biyu ba komai a ciki, gilashi a ɗan ɗage, fenti da gam su gama fitar da warinsu. Wanda ya tsallake wannan zai ci shinkafa mai ɗanɗanon fenti.

Bayanin da za a yi wa yara gajere ne. Haske na ratsa gilashi, baƙin ƙarfe ya sha shi ya mayar da shi zafi, gilashin ya tare zafin da iskar da ta ɗumama, bango kuma ya hana su sulalewa. 'Yan sakandare a ba su lissafi. Tsakar rana, in sama ta yi garau, kowace murabba'in mita na samun wat kusan 1,000. Bakin akwatinmu murabba'in mita 0.16 ne, wato wat 160 ke shiga, madubi ya ɗan ƙara. Lita ɗaya ta ruwa na bukatar kilojul kusan 294 kafin ta tashi daga digiri 30 zuwa 100. In wat 60 kaɗai ya isa cikin tukunya bayan asara, minti 80 ke nan da 'yan kai. Daga nan yaro zai gane da kansa dalilin da ya sa ba a cika wa wannan tanderu fiye da kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abinci da ruwa.

Lokacin girki shi ne sa'ad da inuwar mutum ta gaza tsawonsa, kamar daga ƙarfe 10 zuwa 3. A juya akwatin har inuwarsa ta faɗi daidai bayansa, a ɗaga ko a sunkuyar da madubi har hasken ya sauka kan tukunya. Rana na tafiyar digiri 15 a kowace awa, don haka a gyara shi duk bayan minti 45 ko awa ɗaya. A Kano da garuruwan da ke layinta, daga Satumba zuwa farkon Afrilu rana na karkata kudu da tsakar rana, sai gilashi ya fuskanci kudu. Daga Mayu zuwa farkon Agusta kuwa tana ɗan karkata arewa, abin da littattafan da aka rubuta don Turai ba sa faɗa. Akwati mai kyau kan kai digiri 110 zuwa 130 ba komai a ciki. A auna da ma'aunin zafi na tanderu. Na asibiti iyakarsa 42, fashewa zai yi.

Shinkafa kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya da rabi, awa biyu zuwa biyu da rabi. Dankalin Hausa ba a sa masa ruwa ko kaɗan, a yanka manyan biyu, awa biyu zuwa uku. Wake a jiƙa shi tun dare, a ba shi awa uku zuwa huɗu. Tukunya ta zama marar kauri, mai faɗi, marar tsayi, murfinta na kamawa. Tukunyar ƙasa da ta dalma mai nauyi su za su shanye zafin kafin ya kai ga abinci. Ba a soya ƙosai a ciki, ba a kuma tuƙa tuwo, tun da duk abin da ke bukatar a riƙa buɗewa ba na wannan tanderu ba ne. In gilashi ya yi gumi, murfin tukunya ne bai zauna ba. In awa ta wuce farantin bai yi zafin da hannu zai kasa taɓawa ba, a duba bakin gilashi, a duba ƙura, a duba ko abin tare zafi ya jiƙe. Hazon hunturu na rage ƙarfin rana sosai, gajimaren Yuli da Agusta kuma na hana aikin gaba ɗaya, saboda haka Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, sun fi dacewa. Ruwan sha in ya kai digiri 65 ya jima 'yan mintoci a haka, ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa sun mutu, amma wannan ba ya cire guba ko gishiri. Abinci kuma kada a bar shi a ciki bayan la'asar, da zarar zafi ya sauka ƙasa da 60 lalacewa zai fara.

To, an rufe gilashi, yara sun koma inuwa. A makarantun Indiya ana koyar da salon maganar Hindi da na Turanci kafaɗa da kafaɗa, kuma nahawunsu ya raba abu biyu da mu ma muke rabawa: "muhawara", guntuwar magana da ake saƙawa cikin jimla ana juya aikatau ɗinta, da "lokokti", cikakkiyar magana da ba a taɓa ta, wato karin magana. Ba cewa muke a sa Hindi a manhaja ba. Amma an haura shekara 60 ana kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa, kunnen yaranmu ya saba da sautin, kuma harshe na uku na nuna wa yaro cewa ba Turanci kaɗai ke magana a karkace ba. Minti goma na Hindi sun isa.

Kada a wuce magana huɗu ko biyar, dukkansu a ɗauko su daga abin da ke gaban yara: wuta, tukunya, rana. A fara da Hausa. A tambaye su me ake cewa in an ga alamar rashin gaskiya a wani al'amari, za su ce "da walakin, goro a miya", ko "akwai lauje cikin naɗi". Sai a kawo ta Hindi, "dal me kuch kala hai", wato akwai wani baƙin abu a cikin miyar wake. Sai ta Turanci, "something is fishy". Kowa da abin da ya tsinta a kwanonsa, mu goro, su baƙin abu, Bature ƙarnin kifi. A sa yaro ɗaya ya zana ma'anar zahiri a allo, a yi dariya, sannan kowa ya gina jimlarsa. Haka za a yi da "ag me ghi dalna", zuba man shanu a wuta, wanda Turanci ke cewa "add fuel to the fire", mu kuma mu ce iza wuta. Wanda ya taɓa farantin ya ƙone yatsa ya ba da ƙofar ta uku: Ba'indiye ya ce wanda madara ta ƙona har tsala sai ya hura kafin ya sha, Bature ya ce "once bitten, twice shy", Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Inda darasin ke lalacewa biyu ne. Na farko, a rubuta wa yara jerin magana talatin da ma'anarsu su haddace saboda WAEC da NECO na tambaya. Ranar jarrabawa maganar za ta zo a cikin jimla, yaron da bai taɓa amfani da ita ba sai ya zaɓi ma'anar zahiri, wadda dama tarko ce aka ɗana masa. Na biyu, a ce wa yara wannan daidai take da waccan alhali kusa kawai suke. Yaro zai matsa a buɗe tukunya a gani, malami ya ce masa "a watched pot never boils", wani ya ce ai ita ce "mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa". Ba ita ba ce. Ta Turancin tana nufin wanda ya zuba wa abu ido zai ga ya daɗe, tamu kuwa alkawarin sakamako ce, kuma ta fi kusa da ta Hindi, "sabr ka fal mita hota hai", 'ya'yan itacen haƙuri zaƙi gare su. Kalmar "sabr" ɗan Islamiyya ya san ta, daga Larabci ta shiga Hindi, kamar yadda "duniya" ta shiga Hausa da Hindi. A kuma nuna musu cewa aikatau na juyawa, a ce "he added fuel to the fire", amma ba a canja sunayen ciki. Wanda ya sa "kerosene" a gurbin "fuel" ya fita daga salon.

"Make hay while the sun shines" tana bukatar ɗan bayani, don a Ingila ranar da za a samu rana ta busar da ciyawa abin nema ce. Ɗan manomi zai kama ta nan take in aka tuna masa abin da ruwan ƙarshen damina ke yi wa harawar da aka shanya.

Duk awa ɗaya a tura yara biyu su juya akwatin su rubuta zafin da ma'auni ya nuna, ba tare da sun ɗaga gilashi ba, a kuma hana su kallon madubin kai tsaye. Malami ne zai sauke tukunya, da tsumma a hannu biyu, fuskarsa nesa da tururi. In an gama a goge gilashi, a shanya akwatin a buɗe ya bushe, a ajiye shi a kan tebur ko kanta, ba a ƙasa ba, saboda gara.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu malaman kimiyya da na Turanci,
Zariya