Anti, kowa na yabona a coci amma ni ban ga darajar kaina ba

Anti, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ya aiki ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan wannan shiri naki. Dan Allah ki sakaya sunana.

Ni budurwa ce, shekarata 24, kuma tun ina ƙarama a cikin coci na tashi. Ina cikin mawaƙan coci, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ina zumuntar matasa, duk wani aiki da ya taso sunana ake fara kira kuma ban iya cewa a'a ba. Iyaye mata har misali suke yi da ni wa 'ya'yansu, wai ku dubi wance. Toh Anti abin da ba su sani ba shi ne ni in ba a yabe ni ba ji nake kamar ba ni da wani amfani a duniya. Ranar da na ja waƙa aka ce min Allah ya yi amfani da ke yau, zan wuni cikin murna. Ranar da aka ba wata makirfon sai in koma gida ƙirjina ya yi nauyi, in ta tambayar kaina me na yi, ko muryata ce ta lalace, ko sun gaji da ni ne, alhali na san babu wanda ya nufe ni da komai.

Ga kuma waya. In na sa hoto a WhatsApp ko Instagram sai in ta leƙawa in ga wa ya gani, wa ya yi magana, in shiru ya yi yawa in goge hoton. Ƙawayena wasu sun yi aure wasu an sa musu rana, ina taya su murna har zuciyata, amma da an ce min "ke kuma sai yaushe?" sai in yi dariya a gabansu, da dare kuma in kasa barci.

Yanzu abin ya wuce haka. Watanni ke nan barcina ba daidai ba, abinci sai na tilasta wa kaina, abubuwan da nake jin daɗinsu da duk sun fita raina. Akwai Lahadin da na gama jan sujada jama'a na tafi, na sauko na shige ban ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka sosai, na wanke fuska na gyara ɗankwali na fito ina gaisawa da mutane kamar ba komai. Tunanin cutar da kaina kam bai zo min ba, gara in faɗa miki wannan, gajiya ce kawai wadda hutu ba ya cire ta.

Na ɗan buɗe cikina ga wata mama da nake girmamawa, ta ce ɗan Allah ba ya damuwa, ta karanta min Filibiyawa 4:6 ta ce in ƙara azumi da addu'a. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma na yi. Amma na tashi daga wurinta da sabon kaya, bayan baƙin cikin sai ga jin laifi ya hau kai, wai ashe bangaskiyata ce ta yi rauni.

Shi ya sa na koma Littafi Mai Tsarki da kaina, kuma abin da na gani ya ƙara ɗaure min kai. Annabi Iliya, bayan duk abin da Allah ya yi ta hannunsa a Dutsen Karmel, a 1 Sarakuna 19 ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙo a ɗauki ransa. Ba a tsawata masa ba. Barci ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ce ya ci abinci, har sau 2. Yesu ma a Getsamani ya faɗa wa almajiransa cewa ransa na cike da baƙin ciki, ya ce su zauna su yi tsaro tare da shi. In Ubangiji da kansa ya nemi mutane kusa da shi a wannan daren, me ya sa mu za a ce mu ɓoye?

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce Lai'atu matar Yakubu a Farawa 29. Yakubu kishiyarta Rahila yake so, kowa ya sani. Lai'atu ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijina zai ƙaunace ni, ta haifi Lawi ta ce wannan karon zai manne min, kullum tana kawo wani abu ko za a dube ta. Sai da ta haifi Yahuza ne ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba. Anti ni har yanzu ina wurin Ra'ubainu da Lawi. Na haddace Zabura 139:14, ina koya wa yara cewa Allah ya yi su da ban mamaki, suna maimaitawa da ƙarfi, kuma na yarda gaskiya ce a kansu, amma a kaina maganar ba ta sauka zuciya.

Na ji an ce ciwon damuwa ciwo ne na gaske da ake magani, ya fi kama mata fiye da maza, kuma in alamun sun kai mako 2 kusan kullum ya kamata mutum ya ga likita. Nawa ya wuce haka nesa ba kusa ba. To in na je asibiti ko wurin masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, na nuna ban dogara ga Allah ba ke nan? Ta yaya zan faɗa wa mamata ba tare da hankalinta ya tashi ba? Ina so in ajiye wasu ayyukan coci na ɗan lokaci, amma ina tsoron fasto da shugabannin matasa su ce na ja da baya, kuma gaskiya ina tsoron abin da zan ji a raina ranar da babu mai kirana. Yaya mace take koyon yarda cewa Allah na ƙaunarta ko ba ta yi komai ba?

Dan Allah Anti ki amsa min a shirin, kuma ki sa ni a addu'a.

'Yarki cikin Almasihu.