Mun girma, mawaƙanmu sun tsaya a wajen zance

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in sa baki a muhawarar da ake ta yi kan waƙoƙin zamani. Masu magana da yawa, akasarinsu sa'o'ina, bakinsu ya zo ɗaya: wai waƙa ta lalace, yaran yanzu ba su iya komai ba sai tsalle a TikTok, mu kuwa a zamaninmu waƙa tana da ma'ana. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni ban yarda da wannan hukunci ba, domin da kunnena na ji abin da iyayenmu suka faɗa kan namu waƙoƙin. Nanaye suka kira su. Suka ce kwaikwayon Indiya ne, saurayi da budurwa suna amsa wa juna a cikin furanni, ba kiɗa ba ne balle waƙa.

Mu ne yaran da fim ɗin Sangaya ya riska muna sakandare a 1999, shekarar da Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. A lokacin ne fiyanon Yamaha ya mamaye komai. Yaro ɗaya a ɗakin sitidiyo sai ya fitar maka da ƙarar kalangu da sarewa da ganga daga akwati guda, ba 'yan amshi, ba maroƙi. Muna tara kuɗin tara mu sayi kaset ɗin da ya fito daga Ƙofar Wambai, mu zura biro a ramin kaset muna juyawa don kada batirin rikoda ya ƙare wajen mayarwa baya. Wasunmu har da littafi na musamman, bangon an lulluɓe da takardar siminti, baiti bayan baiti an rubuta da jan biro da shuɗi, don a tsakuro a saka a wasiƙar budurwa. Daga baya CD ya zo, sannan memori, kana miƙa wa masu turi wayarka su cika maka ita.

Yau idan na shiga a-daidaita-sahu direba ya saki ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙin, bakina yakan bi ta har ƙarshe, ko harafi ba na kuskurewa. Zuciyata ce ba ta motsawa. Kafin mu kai shataletale na gaba na koma lissafin abin da ya rage a aljihuna. Ban tsani waƙar ba, kuma ba na jin kunyar na taɓa son ta. Kawai dai ba da ni take magana ba yanzu.

Na daɗe ina juya dalilin, ga kuma inda na tsaya. Ɗauki waƙoƙin nan ka zube su, kusan duka labari ɗaya suke bayarwa: na gan ki na kamu, iyaye sun hana, mai kuɗi ya shigo, idan babu ke zan mutu. Idan abin ya yi kyau, waƙar takan ƙare ranar ɗaurin aure. To, rayuwa kuwa daga nan ta soma. Ina waƙar mutumin da mai gida ya ba shi wa'adin tashi? Ina ta wanda ya kwana a barandar asibiti yana jinyar mahaifiyarsa, yana ƙirga kuɗin ledar ruwa? Ina ta matar da kuka tsufa tare, wadda ta san fushinka tun daga yadda ka yi sallama, ta san watan da albashi bai shigo ba ba tare da ka faɗa ba? Wannan ma soyayya ce, har ta fi waccan nauyi, amma da wuya ka ji an rera mata ko baiti biyu. Mawaƙan da muka taso tare sun raka mu har ƙofar gidan surukai, suka juya suka koma zance da ƙannenmu.

Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka wayi gari muna neman waɗanda muka raina da ƙuruciya. A da in mahaifina ya kunna Ɗan Maraya Jos, tashi nake in bar wurin, ina ganin me ake ji a kuntigi, tsirkiya ɗaya tal. Yanzu ni ke neman sa. Mawaƙin nan, wanda ya rasu a 2015, ya tsaya ya dubi karen mota ya yi masa waƙa. Ya yi kan auren dole, ya yi kan gulma, ya yi kan zaman miji da mata bayan an watse daga biki. Barmani Choge, da ƙwaryarta da 'yan amshinta, matan cikin gida take yi wa magana, tana zaburar da su kan neman sana'a, ana dariya ana guɗa amma saƙon na shiga. Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya taso kafin ya shahara a fada. Shata kuwa babu wanda ya bari: direba, ɗan kasuwa, manomi, soja, likita. Ya yi waƙa yana saurayi, ya yi da furfura, masu saurarensa suna tsufa yana tsufa tare da su.

Kada a ce na mai da su waliyyai. A cikin waƙoƙin da akwai roƙo tsagwaronsa, akwai zambo mai zafi, akwai baitocin da ba za ka so a saka a gaban surukarka ba. Masu cewa na da duk tarbiyya ce sun dai manta ne, ko kuwa zaɓaɓɓun da rediyo ke sakawa kaɗai suka sani. Bambancin shi ne fagensu ya fi faɗi, akwai inda mai shekara hamsin zai tsaya a ciki.

Ba kuma zan ɗora wa mawaƙan zamaninmu laifin duka ba. Ciki ne ke jan akala. A farko furodusa ne ke biyan kuɗin waƙa, shi kuma abin da zai sa a sayi fim yake so, wato rawa da soyayya. Da masu satar fasaha da masu turi suka durƙusar da kasuwar kaset da CD, sai abincin ya koma wuri biyu: gidan biki da gidan ɗan takara. A biki sunan amarya da ango za ka jera, a siyasa ka wasa mai gida ka zagi abokin hamayya, bayan zaɓe waƙar ta mutu tare da fasta. YouTube kuma yawan masu kallo yake biya, matasa ne ke da lokacin kallon. To mawaƙin da ya haura arba'in, yana da iyali kamar ni, wa zai biya shi ya yi waƙar kuɗin makaranta? Akwai 'yan kaɗan irin su Aminu Ala da suka ƙi tsayawa a layi ɗaya, suka taɓa ilimi da tarihi da halin ƙasa, kuma ka lura dattawa ba su guje su ba.

Akwai abokaina da suka bar jin kiɗa gaba ɗaya, suka koma karatun Alƙur'ani da wa'azi, wasu kuma bege. Wannan hanya ce daban, ina girmama ta, ba da su nake ba. Ina magana ne kan mu da har gobe muke son waƙa, muna da 'yan kuɗin data, amma sai mun koma ga matattu kafin mu sami mai magana da mu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, maimakon shafin nishaɗi ya riƙa cika da wa ya auri wa, wa ya yi faɗa da wa, ka tura wakilinka ya zauna da manyan mawaƙan nan da suka yi tashe tsakanin 2000 da 2010, maza da mata, yawancinsu suna nan da ransu a Kano da Kaduna da Jos. Ya tambaye su me suke rerawa in sun kaɗaita, ko akwai waƙoƙin da suka rubuta suka ajiye don ba mai saye. Ya kuma tambaye su wa ke riƙe da ainihin faya-fayan ayyukansu na farko, domin kaset ɗin da ke hannun irinmu zarensu ya soma cinyewa, abin da ke yawo a waya kuma rabinsa ko sunan mawaƙin babu.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Gwammaja, Kano.