Bayanin kwamiti kan gyaran wayarin ɗin ɗakin taro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka gama aiki ake ta tambayarmu ina kuɗi suka tafi, wasu har suna cewa mun sayi waya mai tsada ba gaira ba dalili, to ga bayani dan Allah a karanta har ƙarshe.

Sokets, makunnai, ƙwan fitila da gyaran fankoki duk an yi su kamar yadda aka amince a zaman farko, babu gardama a nan.

Inda maganar take shi ne babbar wayar da ta taso daga mita zuwa ɗakin. Tsohuwar mai kauri 1.5mm ce, kuma kowa ya ga yadda robarta ta narke har tana wari. Tsawon wayar mita 50 ne, zuwa da dawowa mita 100 kenan tunda wuta sai ta zagayo. Idan aka kunna komai, fankoki, lasifika, injin ruwa da sauransu, muna jan kusan wat 4600, a raba da bolt 230 ya ba da amfiya 20, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, domin ƙarfin da kaya ke ci shi ne bolt sau amfiya. Ita kuma waya komai kyanta tana da tirjiya, wato tana hana wuta wucewa cikin sauƙi, kuma siririya ta fi tirjiya. Mita 100 na jan ƙarfe mai 1.5mm tirjiyarsa ta kai kusan om 1.2 (om shi ne ma'aunin tirjiya). Dokar Ohm ta ce bolt ɗin da ke zubewa a hanya shi ne amfiya sau tirjiya, 20 sau 1.2, bolt 24 kenan sun ɓace kafin wuta ta iso, shi ya sa fanka ke juyawa kamar ba ta so kuma injin ruwa ke gurnani ana zaton wutar ce ba ƙarfi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma zafi ne. Zafin waya amfiya sau amfiya sau tirjiya ne, 20 sau 20 sau 1.2, wat 480 yana zama zafi a jikin waya a cikin bango, inda yara ke zama a jingine. Da sabuwar waya mai 6mm da muka saka tirjiyar ta sauko zuwa kusan om 0.3, bolt 6 kawai ke zubewa, zafin ya koma wat 120. Wasu sun ce ai da 2.5mm ta wadatar, mun yi lissafinta wallahi, har yanzu kusan bolt 15 za a rasa, kuma ranar da aka ƙara wani kaya sai an sake fasa bango. Rasit yana hannun ma'aji, duk mai son gani ƙofa a buɗe take.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya ɗauki rabin kuɗin wayar shi kaɗai ya kuma hana mu faɗin sunansa, da iyayenmu mata da suka yi karo-karo har sau biyu, da mai wayarin da ya yafe kuɗin kwana guda. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Saura wayar ƙasa, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa idan ta zubo a jikin kaya, ba a yi ba, kuma ɗakunan baya biyu har yanzu ba su da bireka nasu, ma'ana idan waya ta haɗe amfiya zai yi sama babu abin da zai yanke shi a kusa. Wannan ba abin jira ba ne, dan Allah duk mai hali ya tuntuɓi ma'aji a wannan makon.