Ruwan teku ne ke hura aman wutar, ba shi ke kashe ta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na daren Laraba wani mai sauraro daga Mirriya ya tambayi yadda dutse zai yi aman wuta a ƙasan teku ruwa bai kashe ta ba. Mai gabatarwa ya ce ikon Allah ne, ya wuce. Ikon Allah ne, babu musu, amma bawan Allah ya ƙona kuɗin wayarsa ne don ya ji ta inda ikon ya biyo.

Abin da ke fitowa narkakken dutse ne, ba ruwansa da itace ko iska. A jerin tsibirai irin na Tonga da Mariana kuwa, ruwan ne ma ummul haba'isi. Ɓawon ƙasar da ke shimfiɗe a gindin Tekun Pasifik yana nutsewa ƙarƙashin na maƙwabcinsa, ƴan santimita a shekara, yana jiƙe sharkaf. In ya kai zurfin wajen kilomita 100, zafi da nauyi sai su tatse ruwan, ya haura cikin dutsen da ke sama ya sa shi saurin narkewa, yadda kanwa ke sa wake saurin nuna. Narkakken ya yi ta tasowa yana tara tsaunuka a jere. Wanda ya leƙo saman ruwa shi ake kira tsibiri, sauran suna can ɓoye.

Zurfi ke raba halinsu. A 2009 an ɗauki hoton tsaunin West Mata na yankin Tonga yana amai a zurfin kusan mita 1,200, nauyin ruwa ya danne shi, a sama ba wanda ya ji ko tari. Hunga Tonga kuwa bakinsa dab yake da saman teku. Ranar 15 ga Janairun 2022 ruwa ya gamu da narkakken dutse ya koma tururi nan take, toka ta tashi sama da kilomita 50, aka ji ƙarar har Alaska, wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta tsinke, mutanen Tonga suka yi kusan mako biyar a yanke.

Abin da ɗalibaina suka fi so shi ne maɓuɓɓugan zafi na ƙasan teku. Ruwa ya bi tsaga ya shiga, ya ɗau zafin da kan kai digiri 350 bai tafasa ba saboda nauyin da ke kansa, ya fito ɗauke da farar wuta da jan ƙarfe da tutiya, har da ɗan zinariya. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai ya yi baƙi ƙirin, ƙarafan su zube su gina dogayen bututu. A 1977 aka fara ganin maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, da tsutsotsi dogaye marasa baki da hanji, bakteriyar cikinsu ke ciyar da su daga sinadarin ruwan, inda rana ba ta taɓa haskawa ba. A tsaunin Daikoku na Mariana har tafkin narkakkiyar farar wuta aka tarar a 2006.

Don Allah ku sake ɗauko tambayar nan, ku gayyato malamin ilimin duwatsu daga jami'armu ta Damagaram. In ya zo ku tambaye shi manyan duwatsun nan na Birni da yara ke hawa, waɗanda su ma narkakku ne da suka daskare a cikin ƙasa, ku haɗa masa da ruwan zafin Tafadek na wajen Agadas.

Naku,
Wani malamin lise, Zango, Damagaram.