Hijabi: Kotu Ta Yi Nata, Saura Masu Tsaron Ƙofa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani al'amari da mutane da yawa suke ganin an riga an rufe babinsa, alhali har gobe yana ci wa mata da 'yan mata tuwo a ƙwarya, wato irin karɓar da ake yi wa macen da ta sa hijabi a makarantu da ofisoshi da wuraren jarrabawa na ƙasar nan, da kuma irin karɓar da mu kanmu muke yi wa macen da shigarta ta bambanta da tamu.

Ta fuskar shari'a dai magana ta ƙare. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantunta na firamare da sakandare, wasu 'yan mata biyu tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN suka garzaya kotu. A watan Oktoban 2014 Babbar Kotun Legas ta goyi bayan gwamnati, a watan Yulin 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci, sannan a ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗaliban, inda alƙalai biyar daga cikin bakwai suka amince da haka. Madogarar hukuncin ita ce sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙon addininsa da bayyana shi a aikace, a keɓe ko a bainar jama'a, da kuma sashe na 42 da ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda addininsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan shekara takwas aka kwashe tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe, ta yadda yaran da aka yi shari'ar dominsu sun daɗe da barin makarantar kafin a ce suna da gaskiya.

Haka kuma ba mu manta da Firdaus Amasa ba, wadda a watan Disambar 2017 aka hana ta shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabin da ke ƙarƙashin hular lauyoyi. Ta haƙura da rantsuwar a wannan shekara, ta tsaya kan bakanta, har aka rantsar da ita da hijabinta a watan Yulin 2018, kuma albarkacin tsayuwar tata waɗanda suka biyo bayanta suka huta. A watan Maris na 2022 rundunar 'yan sanda, a zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, ita ma ta amince mata 'yan sanda su ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hularsu.

To amma, ya Edita, yarinyar da za ta shiga ɗakin jarrabawa ba da alƙalin Kotun Ƙoli take haɗuwa a bakin ƙofa ba. Da maigadi take haɗuwa, ko mai sa ido kan jarrabawa, ko mai ɗaukar hoton katin shaida, ko shugabar ɗakin kwanan ɗalibai, ko wanda zai yi mata tambayoyin ɗaukar aiki, kuma mafi yawan waɗannan ba su taɓa karanta hukuncin ba, wasu ma ba su san an yi shi ba. A shekarun da na yi ina koyarwa na sha raka ɗalibai zuwa wuraren jarrabawa, kuma na ga yadda aka tsayar da wata ɗalibata a gaban layin maza aka ce sai ta yaye hijabinta an ga kunnuwanta da wuyanta kafin ta shiga. Yarinyar ba ta yi musu ba, domin lokaci yana tafiya kuma mahaifinta da ƙyar ya haɗa kuɗin rajista. Ta yaye, ta shiga tana share hawaye, ta zauna rubuta jarrabawar da makomarta ta rataya a kanta da zuciya a dagule. Irin wannan ba ya zuwa kotu, ba ya fitowa a jarida, amma shi ne ainihin abin da mata suke gamuwa da shi yau da gobe.

Ba na raina hujjar tsaro da ake kawowa, domin mu da muke zaune a Arewa mun fi kowa sanin abin da ya faru. A shekarar 2014 an yi amfani da 'yan mata wajen kai harin ƙunar baƙin wake a Kano, har da wanda aka kai Kantin Kwari a watan Disamba, kuma a ƙarƙashin hijabi aka ɓoye wasu daga cikin bama-baman. A 2015 Chadi ta haramta rufe fuska bayan hare-haren Njamena, Kamaru ta yi haka a yankinta na Arewa Mai Nisa, hukumomin Diffa a Nijar su ma suka bi sahu, har Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a hirarsa da 'yan jarida a ƙarshen wannan shekara cewa idan hare-haren suka ci gaba za a iya duba yiwuwar hana hijabi. Haka nan masu shirya jarrabawa suna da gaskiya idan suka ce ana ɓoye na'urar kunne ko takardar satar amsa a cikin tufafi. Sai dai maganin wannan ba ya buƙatar a tozarta kowa, kuma ba shi da tsada: a tanadi jami'a mace da labule ko ƙaramin ɗaki, ta duba fuska da kunne da jikin ɗaliba cikin mutunci, kamar yadda ake yi wa mata a filayen jirgin sama. Duk cibiyar da ta iya sayen kwamfutoci da janareta ba za ta ce labule ya gagare ta ba. Inda aka ƙi yin hakan, ni a ganina sakaci ne ko rashin ɗaukar mutuncin mace da muhimmanci, ko da an fake da sunan tsaro.

Rikicin ya fi zafi a makarantun da mishan suka kafa, gwamnati ta karɓe su ko take biyan malamansu tun shekarun 1970. A Osun, bayan hukuncin Babbar Kotun jihar na watan Yunin 2016 da ya halatta hijabi, an ga ɗalibai Kiristoci a Iwo sun zo makaranta cikin rigunan mawaƙan coci domin nuna rashin amincewa. A Kwara gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilorin a watan Fabrairun 2021 saboda wannan taƙaddama, sannan bayan shekara guda aka yi arangama a wata makaranta a Ijagbo har aka rasa rai. Na fahimci abin da ke damun 'yan'uwanmu Kiristoci a nan, domin kakanninsu ne suka gina waɗannan makarantu da guminsu, sunayen coci-cocinsu ne a jikin allunan, kuma suna jin kamar ana ƙwace musu gado ne sannu a hankali. Wannan damuwa ce ta gaskiya da ta cancanci gwamnatoci su zauna da su a kanta, ko dai a mayar musu da makarantun su riƙe da kuɗinsu, ko a fayyace matsayinsu a rubuce. Amma muddin da harajin kowa ake biyan albashin malamai, ba daidai ba ne a sauke wannan tsohuwar rigima a kan yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, a tare ta a ƙofa ana ihu a kanta.

Daga nan kuma dole in juyo gida, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sashe na 38 da muka yi murna da shi a 2022 bai ambaci Musulmi ba, cewa ya yi kowane mutum. Saboda haka hujjar da ta ba 'yarmu damar sa hijabi a Legas ita ce ta ba 'yar Kirista damar ƙin sa shi a makarantar gwamnati a nan Arewa, kuma duk inda aka mayar da hijabi wani ɓangare na kayan makaranta ga kowace yarinya ba tare da la'akari da addininta ba, an aikata irin abin da muke kuka da shi ne. Mun kuma san yadda wasu samari suke bin matar da ba Musulma ba da baƙar magana a kasuwa ko a cikin adaidaita sahu saboda kanta a buɗe yake, ko 'yar hidimar ƙasa da aka turo daga Kudu saboda wandon da hukuma ce ta ba ta. Manya suna ji suna gani, ba kasafai suke tsawatarwa ba. Ina da yaƙinin cewa baƙuwa mai hankali tana lura da al'adar garin da ta sauka tana kuma girmama ta, kuma da yawansu suna yin hakan ba tare da an ce musu komai ba, amma wannan da kyakkyawar mu'amala ake samunsa. Addinin da ya umarci muminai mata da su rufe jikinsu a Suratun Nur da Suratul Ahzab shi ne ya ce babu tilastawa a cikin addini a Suratul Baƙara, kuma shi ne ya fara da umartar maza su runtse idanunsu kafin ya zo kan mata.

Hatta a tsakaninmu Musulmi ba mu tsira daga wannan hali ba. Dogon hijabin da ya zama ruwan dare a yau bai daɗe sosai a ƙasar Hausa ba, ya yaɗu ne tare da bunƙasar makarantun Islamiyya da wa'azin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. Kafin nan iyayenmu da kakanninmu da zane da mayafi da gyale suke lulluɓi, kuma ba wanda zai ce ba su san kunya ko addini ba. Har yanzu matan Barno da lafaya suke fita, Bayarabiya Musulma tana da nata salon ɗauri da mayafi, matan Fulani na ruga suna da tasu shigar. Duk da haka sai ka ji ana yi wa mai gyale kallon marar tarbiyya, a ɗaya gefen kuma ana jifan mai niƙabi da sunan 'yar Boko Haram, wani lokaci ma daga bakin Musulmi 'yan'uwanta. Malamai suna da hurumin bayyana abin da shari'a ta shar'anta game da sutura, kuma ya kamata a saurare su, amma bayani da nasiha daban suke da cin mutunci a titi ko a shafukan sada zumunta, inda ake ɗaukar hoton mace ba da saninta ba a yaɗa ana zagi.

Abin da nake roƙo a aikace shi ne, ma'aikatun ilimi na tarayya da na jihohi su fitar da takardar umarni a rubuce zuwa ga kowane shugaban makaranta, wadda ta bayyana hukuncin Kotun Ƙoli, ta fayyace launi da tsawon hijabin da ya dace da kayan makaranta domin a toshe ƙofar gardama, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa wadda ba Musulma ba ta sa shi. Hukumomin jarrabawa irin su JAMB da WAEC da NECO su sanya samar da jami'a mace da wurin bincike na sirri cikin sharuɗɗan amincewa da kowace cibiya, su kuma liƙa lambar kai ƙorafi a bakin ƙofa inda iyaye za su gani.

Ku kuma 'yan jarida, ina roƙonku ku nemo hukuncin na 2022 ku fassara muhimman sassansa da Hausa ku buga, domin uban da ke ƙauye ya san abin da zai faɗa idan aka koro masa 'yarsa. Idan lokacin jarrabawa ya zo, ku tura wakilanku, musamman mata, su tsaya a ƙofofin cibiyoyi a Kudu da Arewa su rubuto mana abin da suka gani, su kuma ji ta bakin ɗalibai Kiristoci da ke karatu a makarantun gwamnati na jihohinmu.

Wassalam.

Taku,
Malamar makaranta mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.