Zuwa ga Abba, kan maganar tafiya Saliyo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

A bakin Kawunka na ji cewa sunanka ya fito a cikin waɗanda gwamnatin tarayya za ta tura aikin sa kai, kuma kai Saliyo aka ba ka. Har fasfo ya ce ka karɓa. Ban ji daɗi ba da na zama ta ƙarshen ji, amma ba wannan ya sa na sa Ummi ta rubuto maka ba.

Aikin kansa ba ni da ja a kai. Malam ya yi mini bayani cewa tun 1987 ake tura malamai da ma'aikatan lafiya ƙasashen Afirka da Karebiyan a ƙarƙashin wannan shiri, shekara biyu su dawo. Na kuma san abin da ya faru a Saliyo, muna jinsa a rediyo lokacin kana ƙarami: yaƙin da aka yi daga 1991 zuwa 2002, 'yan tawaye suna sare wa mutane hannuwa da ƙafafu, har da yara. Waɗannan yaran yanzu magidanta ne, kuma mai aikin gashi da haɗa ƙafar roba irinka ba zai rasa abin yi a cikinsu ba. Allah ya ba da lada. In ka je, ka riƙe abin da ka gani a gida. Kada ka tura keken mutum sai ka tambaye shi. In makaho ya zo maka, da shi za ka yi magana, ba da ɗan jagoransa ba. Kuma don girman Allah ban da ɗaukar hotonsu ana watsawa a Facebook, tunda ka san yadda ƙaninka Sani, da shan inna ta kama, yake ƙin jinin wannan.

To, Sanin ne maganata. Shekara biyu, Abba, wa zai ɗauke shi ya hau da shi matakalar masallaci ranar Juma'a? Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keke zai bi. Wa'adin ya wuce, kai ma ka san banki da ofisoshi nawa ne yake iya shiga shi kaɗai a garin nan. Kai ne kake gyara masa keken, kai ne kake kai shi wajen ƙwallon guragu, kai kaɗai yake jin nauyi. Ni in na yi magana sai ya ce na cika tsoro.

Ga abin da yake hana ni barci. Abokansa biyu da suke zuwa nan da yamma, a danja suke wuni. Na ji da kunnena ɗayansu yana ce masa abin da yake samu a yini ya fi abin da shi Sani yake samu a mako wajen gyaran waya. Dariya ya yi, bai ce komai ba, ni kuwa na san wannan dariyar. Shekara da shekaru muna fama kada hannun yaron nan ya saba da miƙawa. Mun sayar da abin da muka sayar, ka sani. Ranar da wani ya zo ya ce mini ya ga ɗana a bakin titi yana bin gilashin motoci, ban san yadda zan yi da raina ba. Kai kana can kana koya wa 'ya'yan wasu tsayawa da ƙafarsu. Gida bai ƙoshi ba za ka kai wa dawa?

Kuma kada ka sake maimaita mini abin da ka faɗa ranar suna, a gaban matarka, kan rashin yi wa Sani rigakafi. A 2003 ba gidanmu kaɗai ba ne, jihar Kano ce gaba ɗaya ta dakatar da rigakafin shan inna, manya suna ta faɗar abin da suke faɗa. Mu da ba mu yi boko ba, wa za mu bi? Yanzu da aka ce cutar ta kau tun 2020 kowa ya zama mai wayo. Ni ce na goya shi har ya shekara bakwai, ba wanda ya taya ni.

Na san ba gudunsa kake yi ba. Na san saboda shi ka karanta abin da ka karanta, kuma kai kake zuwa makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki ranar Asabar ba tare da an biya ka ko kwabo ba. Ban ce kada ka tafi ba, bakina ba zai tare maka hanya ba. Amma kafin ka hau jirgi ka zo ka zauna da shi ku biyu, ba a waya ba. Ka kama masa shagon nan na bakin kasuwa da kuka yi magana, ka biya hayar shekara biyu cif, ka samo a cikin abokanka wanda zai riƙa zuwa ranar Juma'a, mutum mai alkawari. Maganar da Kawu ya yi cewa daga can Ingila za ka wuce, ina so in ji amsarta daga bakinka.

Ka taho da sabuwar tayar keken, ta baya ta hagu ta cinye. Ka gaishe da Maryam da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.