A riƙa kai yaranmu kurmi su gani da idonsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ni malami ne a wata sakandare da ke Agege. Makon jiya na kwashi ɗalibaina 24 zuwa gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya (NCF) ta kafa a 1990. Hekta 78 ne na kurmi da fadama, gine-gine sun yi masa zobe.

Yawancin yaran haihuwar Legas ne, biri ma sai a waya suke ganinsa. Wata ɗalibata, 'yar mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ta tsaya cak tana kallon uwar biri da ɗanta manne a cikinta, sai da na kira ta sau uku. Da muka hau gadar ƙafa da aka rataya a saman kurmin, mai tsawon mita 401, tana lilo da mu, ta damƙe igiya gam amma ta ƙi rufe ido. Daga can na nuna musu fadamar da ke shanye ruwan sama. Idan aka cike ta da yashi aka yi gini, ruwan zai nufi gidajen mutane. Shekara uku ina faɗar haka a allo, ranar ne ya shige su.

Abin da ya sosa min rai, yara tara sun zauna a gida. Wasu iyayen sun ce yawon banza ne, wasu kuwa kuɗin mota ya gagara. Ina roƙon sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su ɗauki nauyin bas ko da sau ɗaya a shekara, don ina so in koma da taran nan kafin damina.

Wassalam,
Wani malami, Agege, Legas